Ɗana yana cin tseren mita 800 a makaranta: akwai abinci da suna a wannan hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Ɗana mai shekara 16 ya ci tseren mita 800 a wasannin makarantarsu shekara biyu a jere, malamin wasanninsu ya ce ya yi minti 2 da sakan 4. Yanzu yaron ba shi da zance sai gudu. Shin wannan abu yana kai mutum wani wuri a ƙasar nan, ko ɓata lokaci ne? In yana kaiwa, ta ina ake bi har a san mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yi wa yaro albarka. Yana kaiwa, sai dai hanyar tana da tsawo, kuma a Najeriya ta fi ta masu mita 100 ƙunci. Abin da za ka fara riƙewa shi ne a wannan wasa shaidar baki ba ta aiki. Ana sanin ɗan tsere da lokacin da na'ura ta ɗauka, a filin da aka auna, a gasar da hukuma ta san da ita, aka rubuta da sunansa da ranar haihuwarsa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san bashin da ba a shigar a littafi ba: kowa ya san an ci, amma ranar biya babu mai tsaya maka. Yara da yawa masu ƙafa sun shuɗe a haka, unguwa ta san su, littafi bai san su ba.

Saboda haka wannan 2:04 ɗin mu karɓe shi a matsayin albishir, kada mu kafa hujja da shi tukuna. Agogon hannu bai cika yin babbar ƙarya a mita 800 ba, in mai riƙonsa ya iya kuskuren bai kai rabin sakan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne filin. Filayen makarantu da dama ana gobe wasa ake zana su da igiya da farar ƙasa, zagayen da aka ce mita 400 ne sai a iske 380. Ragin mita 20 a kowane zagaye ya zama 40 a tseren duka, kuma a irin gudun ɗanka wannan sakan shida ne cur. Wanda aka ce ya yi 2:04 yana iya zama mai 2:10. A kai shi filin roba na gaske ya maimaita. In ya sake yin 2:04 a can, yana da shekara 16, bai taɓa zama hannun koci ba, to akwai abin ginawa.

Legas ba ta rasa wuraren ba. Cibiyar guje-guje a garin nan Surulere ce, inda babban filin wasa na ƙasa yake, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973, ga filin Teslim Balogun a tsallaken titi. Akwai filin kwalejin fasaha ta Yaba, inda aka yi gasar tace 'yan wasan da za su je Olamfik ta Tokyo a 2021, akwai kuma na Jami'ar Legas a Akoka. Jirgin ƙasan da ke bi ta Agege yana tsayawa a Yaba, wannan ya rage wahalar gosulo. Ka je da kanka da sassafe, ka tsaya gefe ka kalli kocin yana aiki kafin ka danƙa masa ɗanka. Kocin kirki yana da agogo da littafi, yana rubuta abin da kowa ya yi. Ba ya bai wa yaro ɗan 16 aikin da ya bai wa ƙato ɗan 25. In ka tambaye shi waɗanda suka fito daga hannunsa, zai faɗi sunayen da za ka iya dubawa a shafin intanet na World Athletics, hukumar guje-guje ta duniya, ka ga lokutansu. Wanda ya fara da zancen Turai, ko ya ce a ba shi fasfon yaro ya ajiye, ka kama hannun ɗanka ku koma gida.

Gwaji na biyu, bayan kwana uku ko huɗu da hutawa, a auna shi a mita 400. Shi zai nuna irin ɗan tseren da kake da shi. Mai 2:04 yana cin kowane zagaye a sakan 62. In zagaye ɗaya tal yana iya yinsa a 52 ko 53, to sauri ya yi masa yawa, numfashi ne bai kai ba, kuma wannan shi ne irin da ya fi tsada, domin numfashi ana gina shi, sauri kuwa akasari da shi ake zuwa duniya. In kuwa 57 ne iyakarsa amma yana riƙe 62 sau biyu, gidansa na gaskiya mita 1500 ne. Da wuya mutum ya sauka 1:45 in ba ya iya mita 400 a wajen sakan 47 ko 48. Wannan ne ma abin da ke ba mu takaici da ƙasar nan: muna da masu mita 400 birjik, amma kowa yana ganin ƙarin zagaye ɗaya horo ne aka yi masa. Paul Ereng na Kenya mai mita 400 ne, da ya je jami'a a Amurka aka mai da shi 800, ya ɗauki zinariya a Olamfik ta 1988. David Rudisha na Kenya ma da mita 400 ya taso kafin kocinsa a garin Iten ya ƙara masa zagaye. Alberto Juantorena na Kyuba ya haɗa zinariyar 400 da ta 800 a 1976.

Atisaye kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙa gudu da ƙarfi kullum. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake ƙonawa a mita 800 daga iskar numfashi yake fitowa, a 1500 kuwa ya haura kashi 80 cikin ɗari. Ma'ana, yawancin aikin sati gudu ne na sannu, wanda mutum zai iya hira a cikinsa. Ga yaro kamar naka kwana biyar sun isa, jimlar kilomita 30 zuwa 40 a sati, kuma ba a fara da wannan adadin, a hankali ake hawa, ƙarin kowane sati kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Kwana biyu gudun sannu na minti 30 zuwa 40. Kwana ɗaya dogon gudu na minti 50 zuwa awa guda. Kwana biyu kacal na aiki mai zafi, kuma ba a jera su. Ɗaya na juriya: mita 1000 sau uku, kowanne a wajen 3:15 zuwa 3:20, hutun minti biyu a tsakani. Ɗaya na saurin tsere: mita 300 sau shida a sakan 46 ko 47, hutun minti uku, ko mita 200 sau takwas a sakan 30 zuwa 31. In na huɗu ya fi na farko jinkiri da sama da sakan biyu, a tsaya, aikin ranar ya ƙare. Abin da za a ƙara bayan nan gajiya ce kawai. Kafin aiki mai zafi a yi ɗumin jiki na minti 15, bayansa a sassauta da minti 10. Ƙarfen ɗagawa mai nauyi ya jira, nauyin jikinsa ya ishe shi a yanzu.

Legas tana da nata sharrin ga ƙafa. Kwalta da kankare su ke cinye yaranmu. Yana farawa da ciwo a gefen ƙwauri na ciki, wanda ke lafawa in jiki ya yi ɗumi, sai yaro ya ɓoye. In ciwon ya taru a wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana nan ko ana tafiya, to ƙashi ya fara tsagewa, wannan sati shida ne zuwa takwas ba gudu, kuma hoton asibiti na farko sau da yawa ba ya nuna shi. Gudun sannu a nemi ciyawa ko turɓaya. Yashin bakin teku yana da daɗin kallo a bidiyo, amma yana jan agara, kada ya wuce ɗan taƙi jefi-jefi. Takalmi mai ƙusoshi na ranar tsere ne da aikin sauri kawai. Doka ta ce ƙusar kada ta wuce milimita 9, kaurin tafin kuma milimita 20. Ga zafi da laimar garin nan, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, don haka aiki mai nauyi bayan sallar Asuba ne ko bayan La'asar sakaliya. In maleriya ta kayar da shi, ko ya warke a ba shi sati guda na gudun sannu kafin ya koma aikin sauri, domin jinin da ke ɗaukar iska ya ragu. Da azumi a rage yawan aikin da kusan rabi: gudun sannu gab da shan ruwa, mai zafi kuwa awa biyu zuwa uku bayan buɗa baki.

Shi kansa tseren ilimi ne, kuma a nan ake zubar da sakanni kyauta. A tsaye ake tashi. Alƙali zai ce a hau layi, sai bindiga; wanda ya riga bindiga sau ɗaya ya fita. Kowa yana layinsa har a gama kwanar farko, wajen mita 100, inda aka sa alamar da aka yarda a karyo ciki. Wanda ya karyo kafin alamar an kore shi ko da shi ya zo na ɗaya. Bayan alamar ba a yanko ciki lokaci guda, ana nufar bakin kwana ta biyu ne a miƙe, a hankali. Layi na biyu ya fi na farko tsawo da kimanin mita bakwai a kowane zagaye, don haka yaron da ya yi tserensa duka a waje ya yi wa kansa ƙarin kusan mita 14, sakan biyu ke nan. Amma wanda ya manne a ciki bayan mutum, wani ya zo ya tsaya masa a kafaɗar dama, an rufe shi, sai ya ga ana tafiya ba shi da ƙofa. Wurin da ya fi kyau shi ne kafaɗar na gaba ta dama, rabin taki a baya. Zagayen farko yana fin na biyu sauri da sakan biyu zuwa uku, ba ya wuce haka. Ranar da Rudisha ya kafa tarihin duniya na 1:40.91 a Landan, 9 ga Agusta 2012, ya ci zagayen farko a 49.28. Ɗanka in 2:02 yake nema, ya ji ƙararrawar shiga zagaye na ƙarshe a kan sakan 60. Sabon shiga yakan zo a 55 yana jin tafi, sai a mita 600 ƙafafu su yi nauyi, kafaɗu su hau kunne, kai ya koma baya, ya ƙarasa zagayen a 70. Tsakanin mita 400 da 600 ne jiki ke satar hutu ba tare da mai shi ya sani ba, a nan ake cewa ya ƙara, ko da yake abin da ƙarin ke yi shi ne hana raguwa kawai.

Matakan gasa a jere suke: wasannin makarantu, na jiha, gasar matasa ta ƙasa, gasannin da hukumar guje-guje ta ƙasa AFN ke shiryawa, gasar zakarun ƙasa, sai babban bikin wasanni na ƙasa wanda aka fara a nan Legas a 1973. Wanda ya shiga jami'a yana da NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya. Daga nan ake tsallakawa gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 18 da 20. Yaron da ya tashi a Agege iyayensa kuma 'yan Arewa ne zai gamu da tambayar jihar da zai yi wa wasa. Ku duba wadda za ta yi masa rajista a kan lokaci, ta kai shi sansani, ta biya alawus, ku kuma ajiye kwafin duk takardar da aka sa wa hannu. Kafin a biya kuɗin mota zuwa kowace gasa a tambayi abu biyu: da na'ura za a ɗauki lokaci, kuma gasar tana cikin jadawalin World Athletics? In amsar babu ce, ya je don gogewa, amma ku sani lokacin ba zai bi shi ko'ina ba. A neman gurbin manyan gasanni ba a karɓar agogon hannu a mita 800.

Malam, ga wurin da muke roƙonka ka tsaya da ƙafarka. Wata rana wani zai zo ya ce a rage wa yaro shekara biyu don ya daɗe a rukunin matasa. Kada ka yarda. Ana lissafin rukuni da shekarun da mutum zai cika a ranar 31 ga Disamba ta shekarar gasar, kuma ranar haihuwar da aka fara shigarwa ita za ta bi shi har ya yi ritaya. Takardar haihuwa, lambar NIN, sakamakon WAEC da fasfo su zama magana ɗaya, har da yadda aka rubuta sunan: Muhammad a nan, Mohammed a can, yana raba wa mutum sakamakonsa gida biyu a rumbun bayanai. Ƙaryar shekaru kuma tana cutar horon kansa, domin koci zai ɗauka akwai sauran girma a gaba alhali jiki ya gama.

Yanzu ga tsayin dutsen. Najeriya ta ci lambobin Olamfik a gajeren tsere, da mita 400, da tsallake shinge, da gudun miƙa sanda, da dogon tsalle, amma ba ta taɓa ci a 800 ko 1500 ba. Tarihin ƙasa na maza a mita 800, 1:45.91, wanda Ado Maude ya kafa a 1992, ya haura shekara ashirin ba a taɓa shi ba, sai da Edose Ibadin, wanda ya taso ya kuma yi horo a Amurka, ya zo ya karya shi, daga baya ya sauka ƙasa da 1:45. Ma'aunin shiga Olamfik ta Paris a 2024 kuwa 1:44.70 ne ga maza, 1:59.30 ga mata. A 1500, 3:33.50 da 4:02.50. Wanda bai kai ma'auni ba yana iya shiga ta jerin matsayi na duniya. Kowane sakamako yana da maki iri biyu, na lokaci da na matsayin da aka zo, na biyun kuma ya danganta da girman gasar. Ana ɗaukar biyar mafi kyau cikin wata 12. Ka ga ke nan mai gudu sau biyu a shekara ba ya cikin lissafi komai saurinsa. Amma wannan ƙarancin yana da alherinsa: fagen ba cunkoso. Yaron da ya sauka ƙasa da 1:50 a gida, duk mai bin wasan a ƙasar nan zai san sunansa a wannan satin.

Akwai tarkon da ya fi kama yaran Legas, wato tseren titi. Tun 2016 ake gudun fanfalaƙi na birnin nan, ga na kilomita 10 a Okpekpe ta jihar Edo, ga ƙanana da kamfanoni ke shiryawa, kuma su ne masu biyan kuɗi a hannu. Yaro zai ga 'yan Filato, waɗanda suka tashi a tsaunukan Jos da Pankshin, suna karɓar cek a gaban kyamara, sai ransa ya biya. Kilomita 5 ko 10 sau ɗaya ko biyu a lokacin gina numfashi ba laifi. Kilomita 42 a shekara 16 ko 18 kuwa cin amanar ƙafa ne: saurin da shi ne jarinsa zai dushe, kuma ba zai kamo waɗanda aka haifa a tudu ba. In hali ya samu nan gaba, zaman sati uku zuwa huɗu a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, yana da amfani ko don sanyinta da hanyoyin turɓaya, ko da yake ba ta kai Iten mai kusan 2,400 ba.

Abinci a wannan sana'a ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko aikin ɗamara: 'yan sanda, soja, kwastam da sibil difens suna ɗaukar 'yan wasa, albashi yana tafiya ko an ji rauni. Chioma Ajunwa da marigayi Sunday Bada duk 'yan sanda ne. Ta biyu karatu kyauta a jami'o'in Amurka, hanyar da Tobi Amusan ta bi ta El Paso a Texas. Wannan ƙofar da WAEC mai kyau ake buɗe ta, kuma hukumarsu NCAA tana ƙirga lokacin da aka ɓata tsakanin gama sakandare da shiga jami'a, wanda ya daɗe yana gasa a tsakani ana rage masa shekarun wasa. Saboda haka duk wanda ya ce yaro ya ajiye boko don gudu ya rufe masa ƙofar da ta fi faɗi. Ta uku kuɗin gasa da kwantiragin kamfanin takalma, kuma ita ta 'yan ƙalilan ce: dala 70,000 ga zinariya a gasar duniya, dala 50,000 da World Athletics ta bai wa masu zinariya a Paris. Daga ciki wakili yana cire nasa, galibi wajen kashi 15 cikin ɗari, ga haraji, ga koci. Wakilin ma sai wanda sunansa ke cikin jerin waɗanda World Athletics ta ba izini, kuma kada yaro ya sa hannu a komai sai lauya ya karanta.

Abin da ke rushe suna dare ɗaya shi ne gwajin ƙwayoyi, kuma yawancin hatsarin yana cikin kemis na unguwa. Dokar ba ta tambayar niyya, abin da aka samu a jikinka naka ne. Tramadol haramun ne a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Wasu magungunan mura suna da sinadarin da ke kayar da mutum in ya yi yawa a fitsari. Allurar kashe ciwon gaɓa da ake yi gab da gasa tana cikin jerin. Ƙarin ruwa da ya wuce mililita 100 cikin awa 12 laifi ne in ba a asibiti aka yi shi bisa larura ba, ka kuwa san yadda ake rataya wa mutum leda a shago da zarar zazzaɓi ya kama shi. Haɗe-haɗen ƙarin kuzari na kwalba, na gargajiya da na kanti, ba wanda ya san abin da ke ciki. Ranar da aka zaɓe shi gwaji, jami'i zai tare shi a bakin layi da takarda, ba zai rabu da shi ba har ya ba da fitsari, aƙalla mililita 90. Shi da hannunsa zai zaɓi kwalabe, ya zuba a A da B, ya rufe, ya duba lambobin jikinsu sun dace da na takarda, ya rubuta duk maganin da ya sha cikin kwana bakwai. Wanda bai kai 18 ba yana da haƙƙin babba ya raka shi. Nijel Amos na Botswana ya ci azurfa a bayan Rudisha yana ɗan shekara 18, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa, a 2023 aka dakatar da shi shekara uku. Wani lokacin ma laifin ba na ɗan wasa ba ne: a Tokyo an hana 'yan Najeriya goma shiga fili, ba a kama su da komai ba, gwaje-gwajen ba-zata uku da doka ta wajabta ne ba a cika musu ba. Ɗan wasan da ya fara tashe ya riƙa ƙirga nasa da kansa, yana tambaya.

Karramawa kuma, ka shirya masa zuciya tun yanzu, domin takan makara. Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, ta kawo zinariyar farko da ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai a Olamfik, ta samu lambar girma ta MON, amma gidan da gwamnatin Legas ta ba ta sai a 2021 ya zo, bayan shekara 25. 'Yan gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu sun ci azurfa a Sidni a 2000, aka mai da ita zinariya a 2012 bayan an ƙwace ta Amurka, alhali Sunday Bada ya rasu a Disambar 2011. Tobi Amusan ta fi su sa'a, ta kafa tarihin duniya na tsallake shinge na mita 100 a 2022, a shekarar aka ba ta lambar girma ta OON. Ko a fili ma abin yakan ja rai. Hicham El Guerrouj na Maroko ya faɗi ƙasa a wasan ƙarshe na mita 1500 a Olamfik ta 1996, ya kafa tarihin duniya na 3:26.00 a Rum a 1998, aka tsere masa a Sidni, sai a Atina a 2004, yana gab da cika talatin, ya haɗa zinariyar 1500 da 5000. Masu wannan tsere sukan nuna ne tsakanin shekara 22 da 28, don haka abin da ɗanka yake yi yau shuka ce ta shekara shida zuwa sha biyu. Abin da ke hannunku shi ne ajiya: takardar sakamako ta kowace gasa, bidiyon tseren daga tashi har ƙarshe ba yanka, hoton allon lokaci. Kocin jami'ar waje da wakili abin da suke nema ke nan, ba sa karanta yabo.

Ku ba abin shekara uku zuwa huɗu, boko yana tafiya tare da shi. Ci gaba mai lafiya shi ne ragin sakan uku zuwa huɗu duk shekara a shekarun farko, daga baya ya koma ɗaya ko biyu. In ya kai shekara 19 ko 20 yana kusa da 1:50, a buɗe masa duk ƙofofin nan, a nemi gasannin waje. In ya tsaya a saman 1:55 shekara biyu a jere, ba rauni, horo kuma yana tafiya daidai, to a juya akalar: lokacin nasa ya isa ya taimaka masa wajen neman aikin ɗamara ko gurbin wasa a jami'ar gida, kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, tana nan cikin filin Surulere tana ba da takardar koci. Unguwanninmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 cike suke da yara masu gudu, kocin da zai yi musu bayani da Hausa, iyaye kuma su yarda su ba shi 'ya'yansu, shi ne ya yi ƙaranci.